Badagry ko Epe: wanne ya fi dacewa da mutanen karkarar Jigawa masu son ganin bakin teku da damina?

Tun bayan girbin bara mutum goma sha ɗaya a ƙauyenmu da ke ƙasar Kafin Hausa suke zuba adashi da niyya guda, wato su je su ga teku da idonsu. Huɗu daga cikinsu malaman firamare ne, sauran manoma, har da kawuna wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana su a ruwan Haɗeja. Da yake malamai ba sa samun sarari sai a dogon hutun ƙarshen shekarar karatu, dole tafiyar ta faɗo cikin damina, kuma kuɗin da aka tara ba zai kai su gari biyu ba. Sun tsayar da shawara a kan garuruwa biyu na jihar Legas, Badagry da Epe, sannan suka nemi ra'ayina, domin na yi cirani sau biyu a Epe ina sayar da albasa da tattasai kafin in kama aikin koyarwa, kuma na sha zuwa Badagry wurin ƙanena da ke zaune a can. Abin da na gaya musu shi na rubuta a nan, ko zai amfani wasu masu irin wannan niyya.

Na ce musu kafin a shiga maganar kyawun gari, a fara duba makon da gona za ta sake mu, domin kowanne daga cikin garuruwan biyu yana da babban bikinsa na shekara, kuma lokutan bukukuwan ba su yi mana daidai ɗaya ba.

Bikin da Epe ta yi suna da shi ana kiransa Kayokayo, kuma ana yin sa ne a farkon watan Muharram. Ma'anar sunan da Yarabanci ita ce a ci a ƙoshi, saboda haka duk Bahaushen da ya ji bayaninsa zai gane cewa ɗan'uwan cika-cikinmu ne, daren da iyayenmu mata suke fito da jelar ragon layya a yi tuwo mai yawa, a ce kowa ya ci har ya bari. Sai dai mutanen Epe sun haɗa wannan al'ada da tarihin garinsu. A ƙarshen shekarar 1851 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Ikko, wato birnin Legas, ruwan wuta, suka tumɓuke Sarki Kosoko, shi kuma ya tsallaka ruwa da jama'arsa masu yawa, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, suka sauka a Epe. Ko da ya koma Ikko a 1862, da yawa daga cikin mabiyansa ba su bi shi ba, kuma jikokinsu ne suke raya wannan biki har yau. Ana ɗaukar kusan mako guda ana yi: akwai addu'o'i da wa'azi da musabaƙar karatun Alƙur'ani, akwai kunna wata wuta ta gargajiya da suke kira etufu, akwai jerin gwanon kwale-kwale na tunawa da isowar Kosoko, sannan akwai abinci a kowane gida, wanda baƙo ba ya buƙatar gayyata kafin a miƙo masa. A cikin duk bukukuwan da na gani a ƙasar Yarabawa, babu wanda na zauna a cikinsa hankali kwance kamar wannan, domin da lokacin salla ya yi ake dakatawa, kowa ya nufi masallaci.

Matsalar ita ce watan Muharram yana matsowa gaba da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2025 ya kama ne a ƙarshen Yuni, a 2026 kuwa a tsakiyar Yuni, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan lokaci yake nufi: ko dai ana dakon ruwan shuka, ko an yi shuka ana fama da noman firi, makarantu kuma ba su yi hutu ba. Manomin da ya bar yabanyarsa mako guda a wannan tsakani don kallon biki, ciyawa ce za ta tarbe shi a ƙofar gona. Sai daga 2028 ne watan zai fara kamawa a cikin Mayu, lokacin da bazara ba ta ƙare ba a wajenmu, kuma daga nan har shekaru masu yawa Kayokayo zai zama bikin da mutumin karkara zai iya halarta ba tare da ya yi asara ba.

Bikin Badagry kuwa lissafinsa na watan Bature ne, ba ya gusawa. Ana yin sa a watan Agusta, a daidai ranar 23 ga wata ko kusa da ita, wadda hukumar UNESCO ta keɓe don tunawa da cinikin bayi da kawar da shi, saboda a irin wannan lokaci ne a 1791 bayi suka yi boren da ya haifar da ƙasar Haiti. Wannan lokaci ya yi mana daidai ta fuska uku. An gama maimai, gero ya fara fitar da kai, kuma sauran aikin gona bai wuce na kewayawa ba. Makarantu suna hutu. Abu na uku kuma, wanda mutanenmu da yawa ba su sani ba, shi ne yayin da marka take sauka a Jigawa cikin Agusta, a bakin tekun Legas ruwa yakan ɗan tsagaita na wasu makonni, domin can ƙarfin daminarsu a Yuni da Yuli yake, sannan ta dawo a Satumba. Ba a rasa yayyafi da lumshi, amma ba irin ruwan Yuni ba ne mai hana mutum fita kwana biyu. Abin da zan ja kunne a kansa kawai shi ne ambaliya. Mu da ke kwarin Haɗeja, daga Ringim zuwa Auyo da Kafin Hausa da Guri, mun ga abin da ruwa ya yi a 2022, kuma ƙarshen Agusta ne yake fara cikowa. Wanda gonarsa ko gidansa ke bakin jinga, kada ya tafi sai ya bar wanda zai tsaya masa.

Ta fuskar hanya Epe ce ke kan gaba, ba ma kusa ba. Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta sama da kilomita 1,000, kwana da yini a babbar mota, amma mai zuwa Epe yana iya sauka a Ibadan ya hau motar Ijebu-Ode, daga nan kuma tafiyar ba ta da nisa, bai shiga cunkoson birnin Ikko ba sam. Mai zuwa Badagry dole ya ratsa gefen birnin, ko ta Mile 2 da Ojo da Okokomaiko, ko ya zaga ta Ota ya ɓullo Agbara, kuma da yake garin yana dab da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin, shingayen bincike sun yi yawa a hanyar. Na taɓa yin kusan awa guda a tsaye a wani shinge saboda na manta katin shaidata a gidan ƙanena, ana yi mini tambayoyi kamar wanda ya tsallako daga wata ƙasa. Kowa ya riƙe katin shaidar ɗan ƙasa a aljihun gaba, kuma kada kwaɗayin araha ya sa wani ya sayo buhun shinkafar waje da sunan tsaraba, domin ba za ta iso gida ba.

Maganar abinci ita ce ta fi jan hankalin 'yan adashin, kuma a nan sai na ɗan tsawaita, don bambancin garuruwan biyu ya fi fitowa a cikin tukunya. Epe garin kifi ne. Kasuwar kifinta, wadda ake kira Oluwo, tana bakin ruwa, kuma mata ne suke riƙe da ita: mazajensu da 'ya'yansu su kamo, su kuma su yi ciniki. Abin da zai fara ba mutumin Haɗeja mamaki shi ne yawancin kifin da rai ake sayar da shi, a cikin manyan bahuna da kwanduna da aka nutsa a ruwa. Akwai tarwaɗa da karfasa da bargi kamar namu, akwai jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi, har da kada da kunkuru ga masu cin su. Shekarar da kawuna ya ziyarce ni a can na kai shi kasuwar da sassafe, muka tarar wata dattijuwa ta ɗago wani yauni daga baho, tsawonsa ya kai daga kafaɗata zuwa yatsu, yana murɗa ƙayar bayansa kamar tuta a iska. Kawu ya durƙusa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce mini, «Ɗan nan, rabona da yauni irin wannan tun kafin a datse ruwa a Challawa.» Yana nufin dam ɗin da aka kammala a 1992, wanda masuntanmu suke ɗora wa laifin raguwar ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta, tare da kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa. Na ce, «Kawu, ko mu taya?» Ya ce a taya. Iyar ta faɗi kuɗin da ya kusa na ɗan akuya, muka yi ta ja har ta rage kusan kashi ɗaya cikin uku, duk da haka muka haƙura muka sayi karfasa. Darasin da na ɗauka shi ne a je kasuwar da hantsi bai yi ba, kafin masu motoci daga Ikko su iso su tayar da farashi, kuma a je da wanda ke jin Yarabanci.

Bayan kifi, abincin Epe na Ijebu ne. Garin kwakinsu mai tsami ne ƙwarai, siriri, kuma ya fi kowanne daɗin jiƙo da ruwan sanyi. Suna da wani abinci da suke kira ikokore, wanda ake goga wata irin doya mai yauƙi a riƙa jefa ta cikin romon manja da busasshen kifi har ta dahu, kamar yadda muke jefa ɗanwake, sai dai shi a cikin miyarsa yake zama. Amala da miyar ayoyo kuwa ba baƙi ba ne ga wanda ya taɓa cin abinci a Sabon Garin Kano. Barkononsu da manjansu sun fi abin da cikinmu ya saba, saboda haka dattawa su tafi da garin kunu da ƙuli-ƙuli don kwana biyun farko.

Badagry kuwa garin kwakwa ne. Itatuwanta sun yi jere a bakin teku iya ganinka, kuma daga wannan yanki ne ake ɗoro wani kaso mai yawa na kwakwar da muke saye a kasuwannin Arewa. A can ne na fara shan ɗanyar kwakwa, koriya shar, wadda ake sare kanta da adda a miƙo maka ka kafa baki, in ka shanye a fasa ta ka kankare farin da ke ciki, mai laushi kamar kindirmo. Wanda bai san kwakwa ba sai busasshiyar da ake yanka mana a faranti ko kwakumetin 'yan talla, zai ga kamar wani ɗan itace ne daban. Ana cin ta da garin kwaki, ana dafa shinkafa da madararta, ana tatsar manta, kuma man kwakwa na kasuwar Agbalata tsaraba ce mai kyau ga mata, ba ta da nauyi, ba ta lalacewa a hanya. Kifin Badagry ya haɗa da na teku, wanda ya fi namu gishiri da ƙarni, kuma yawanci banda ake yi masa a ci da agidi da yaji. Wasu daga cikin 'yan adashin sun tambaye ni hukuncin ƙaguwa da jatan lande, na ce musu a mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin ruwa halal ne, ƙyama ce kawai ta rashin sabo. Inda ake buƙatar lura shi ne nama. A Epe da wuya ka shiga gidan abincin da ba na Musulmi ba, amma a Badagry ana sayar da naman alade a wasu wurare a fili, don haka ko dai a tsaya ga kifi, ko a ci a wurin da mai masauki ya nuna.

Wannan ya kawo mu ga zaman jama'a. Epe gari ne da Musulunci ya yi rinjaye, kiran salla yana tashi ta kowace kusurwa, kuma Bahaushe zai riƙa tsintar kalmomin da ya sani a bakin mutane: alafiya, alubarika, lemomu wato limami, seriki wato sarki. Abu ɗaya da baƙo ya kamata ya sani shi ne garin yana da sarauta biyu, ta Oloja a ɓangaren Ijebu 'yan asalin wurin, da ta Olu-Epe a ɓangaren zuriyar mutanen Kosoko, kuma ba aikin baƙo ba ne ya tsoma baki a kan wanda ya fi wani. Matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, waɗanda aka buɗe a 2023, ba su da nisa da garin, abin da ya jawo 'yan Arewa da yawa yankin, ya kuma tsadar da haya.

Badagry ta fi gauraya. 'Yan asalin garin Ogu ne, waɗanda ake kuma kira Egun, harshensu ba Yarabanci ba ne, ya fi kusa da na mutanen Kwatano da kewayenta, sarkinsu kuma Akran ake ce masa. Kirista da Musulmi da masu addinin gargajiya suna zaune unguwa ɗaya, wani lokaci gida ɗaya. Musuluncin garin ba sabo ba ne, domin gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe wa Musulmi makarantar boko a Epe a 1898, ta buɗe irinta a Badagry a 1899, tun kafin Turawa su ci Kano. A lokacin biki za a ga tseren kwale-kwale, da manyan gangunan sato waɗanda suka fi mutum tsawo, da jerin gwanon dare da fitilu don tunawa da waɗanda aka sayar, wanda su ma da kalmar fitila suke kiransa. Za a kuma ga dodannin zangbeto, masu kama da jinkar ɗaki tana juyi a ƙasa, waɗanda a al'adarsu su ne masu gadin gari da dare. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kallonsu ba yana iya komawa masauki, babu mai tilasta masa, amma kada a yi dariya ko nuni da yatsa, kuma a tambayi mai masauki kafin a yi yawon dare.

Abin da ya sa nake ganin malaman makaranta musamman bai kamata su wuce Badagry ba shi ne tarihin da ke wurin ya shafe mu kai tsaye. Ta wannan gaɓa da makwabtanta aka fitar da bayi masu yawa zuwa Burazil, cikinsu har da Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, kuma a birnin Salbado na yankin Bahiya an san su da tayar da ƙayar baya tun daga 1807, har zuwa babban boren Musulmi na 1835. A Badagry ne Baturen nan mai yawon binciken ƙasashe, Clapperton, ya sauka a ƙarshen 1825, ya bi ta ƙasa har Kano, ya ƙarasa Sakkwato inda ya rasu a 1827. Akwai gidan Seriki Williams Abass, wanda shi kansa bawa ne da aka kai Burazil, ya dawo ya zama dillalin bayi kuma jagoran Musulmin garin, ya rasu a 1919; a gidansa akwai ɗakuna arba'in na tsare bayi, ƙanana, masu 'yar taga guda a sama. Na shiga ɗaya aka ja ƙofa, ban yi minti biyu ba na nemi a buɗe. Na kuma ɗaga sarƙar wuya a wani gidan tarihi na iyalin Mobee, nauyinta ya fi na galma. Za a nuna muku wani bene da 'yan mishan suka kammala a 1845 a ce shi ne bene na farko a Najeriya. Ku karɓa da ladabi, amma ku sani na farko ne a ginin Turawa, domin magina a Kano da Katsina sun daɗe da sanin hawa sama da tubali kafin wannan shekara.

Sai babban dalili, wanda shi ne asalin adashin. Epe ba ta kan teku. Tana bakin wani makeken ruwa ne kwantacce da Yarabawa ke kira osa, wanda yake haɗe da teku ta can nesa, kuma wanda ya tsaya a gaɓarsa yana hango itatuwan tsallake. Kawu ya dube shi a waccan shekara ya ce, «Wannan ai tafki ne ya samu wuri, ina tekun da ake faɗa?» Haka ya koma gida bai gani ba. A Badagry ma garin yana bakin ruwa kwantacce ne, amma kwale-kwale mai inji yana tsallakar da mutum zuwa tsibirin Gberefu cikin 'yan mintoci, daga nan a taka da ƙafa cikin rairayi kamar rabin awa, ta hanyar da bayi suka bi, a wuce rijiyar da ake cewa wanda ya sha ruwanta yana manta gida. Tun kafin ka ga komai za ka fara jin ruri kamar na hadarin gabas, sannan itatuwan kwakwa su ƙare, Tekun Atilantika ya bayyana babu tsallake. A wannan wata igiyarsa tana da ƙarfi ƙwarai, tana janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka idan za ta koma, saboda haka iya iyo a kogin Haɗeja ba hujja ba ce: a tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, kuma kada a hau kwale-kwalen da ba ya ba da rigar kariya.

Shawarar da na ba su ke nan. Mai son fataucin kifi, ko mai tafiya da iyali da tsofaffin da ba za su jure shingaye da tafiyar ƙafa ba, ko wanda hankalinsa ba ya kwanciya sai a garin da ya tabbatar da yankan namansa, Epe ce tasa, amma ya bari sai bayan kaka, ko ya jira Kayokayo ya faɗo cikin bazara. Su kuwa 'yan adashinmu, da yake teku suka ce suna son gani, kuma Agusta kaɗai suke da ita, na ce su tafi Badagry, su yi kwana huɗu, su tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi, su fara kai gaisuwa wurin Sarkin Hausawan garin kafin su nemi masauki. Sun amince za su tashi a mako na uku na watan, su dawo kafin a fara cin tumu. Mutum biyu da gonakinsu na shinkafa ke bakin jinga sun ce a ba su kuɗinsu, za su jira Epe. Kawu ya riga ya wanke wata jarka ta lita biyar, ya ce zai ɗebo ruwan tekun ya kawo wa sauran masunta su ɗanɗana.